Kada kafafen labaran Hausa su miƙa wa ƙirƙirarriyar basira kujerar edita

Kowace safiya akwai tambaya ɗaya da ke jiran duk mai gudanar da kafar labarai ta Hausa a intanet, babba ce ko ta mutum biyu da wayoyi uku: yau me za a wallafa?

A da, amsar kan fito daga taron editoci, ko daga kiran wakili a waya, ko daga hirar da aka jiyo a teburin mai shayi. Yanzu an samu sabuwar hanya. Mutum zai buɗe ChatGPT ko Gemini, ko ya taɓa tambarin Meta AI da ke cikin WhatsApp ɗinsa, ya ce a tsara masa abubuwan da zai wallafa na wata guda. Kafin shayinsa ya huce an jero masa batutuwa talatin, kowanne da kanunsa da ranar da za a sake shi.

Babu laifi a yi amfani da wannan fasaha. Kafar da ta ƙi koyon ta ma za a bar ta a baya. Inda gizo ke saƙar shi ne irin aikin da ake ba ta. Akwai aikin yaron shago, akwai na mai shago. Yaro zai share, ya jera kaya, ya ƙirga canji, ya rubuta bashi. Amma mai shago ne ya san kayan da unguwar ke buƙata, da wanda za a ba bashi, da kayan da ba za su taɓa shiga shagon ba ko nawa ne ribarsu. Ƙirƙirarriyar basira ta ƙware a aikin farko. Na biyun kuwa, duk kafar da ta sakar mata shi tana wasa da abu ɗaya tilo da take sayarwa, wato yardar masu karatu.

Abin da ya sa ake rububi

Kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT ne a ranar 30 ga Nuwamban 2022. A watan Afrilun 2024 kamfanin Meta ya sanya tasa manhajar a cikin WhatsApp da Facebook da Instagram ga masu amfani da su a wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya da Ghana. A tsakiyar shekarar kuma ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗin talla daga bidiyon da suke ɗorawa a Facebook.

Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ta sauya lissafi. Rubutu ya yi araha, kuma yawan masu kallo ya zama kuɗi. Matashin da ke riƙe da ƙaramar kafa, wanda yake sayen data da man janareto daga aljihunsa, ba shi da albashin da zai biya wakili a Gusau ko Damaturu. Idan aka ba shi na'urar da za ta rubuta labari ashirin a lokacin da shi zai rubuta biyu, da wuya ya kau da kai.

Ba za a ga laifinsa ba. Sai dai araha ba ta ado, kuma manyan kafafen duniya da suka fi shi kuɗi da ma'aikata sun riga sun taka wannan ƙaya.

Gani ga wane

A watan Janairun 2023 aka gano cewa kafar CNET ta Amurka, wadda ta yi suna a labaran fasaha, ta wallafa maƙaloli 77 da na'ura ta rubuta. Da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai da aka yi gyara a 41. Daga cikin kurakuran har da na lissafin kuɗin ruwa, a maƙalar da aka rubuta domin koya wa mutane harkar ajiya a banki.

A watan Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da ta ba masu karatu shawarar su nema. Goma daga ciki babu su a duniya. Sunayen marubutan na gaske ne, amma littattafan na'ura ce ta ƙaga su, har da bayanin abin da suka ƙunsa.

Kamfanin Apple ma, duk da arzikinsa, a watan Janairun 2025 ya dakatar da tsarinsa na taƙaita kanun labarai a wayoyin iPhone, bayan BBC ta yi ƙorafin cewa ana jingina mata labaran da ba ta bayar ba. Wata guda bayan haka BBC ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa ChatGPT da Copilot da Gemini da Perplexity a kan labarai 100. Kashi 51 cikin 100 na amsoshin suna ɗauke da matsala babba.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan ya faru ne da Turanci, harshen da waɗannan na'urori suka fi ƙwarewa a kansa. To ina ga Hausa?

Baƙuwa ce a garin

Waɗannan manhajoji ba sa tunani irin na ɗan'adam. An cusa musu ɗimbin rubuce-rubuce ne, mafi yawansu daga intanet, suka koyi kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Abin da aka rubuta da yawa sun san shi sosai. Abin da ba a rubuta ba sai su cike gurbin da hasashe, kuma su faɗe shi da cikakken ƙwarin gwiwa, ba tare da ko inda-inda ba.

Hausa tana da masu magana da ita miliyoyi masu yawa daga Kano zuwa Damagaram, daga zangunan Kumasi zuwa Sudan. Amma rayuwar Bahaushe ba a rubuce take a intanet ba. Tana cikin shirye-shiryen rediyo da ake buga waya, da saƙonnin murya na WhatsApp, da majalisun ƙofar gida, da karatun bayan Magariba, da cinikin da ake yi a cikin hannun riga a kara. Na'ura ba ta taɓa zama a ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba.

Shi ya sa idan aka nemi ta tsara jadawalin shekara ba tare da an yi mata cikakken bayani ba, za ta iya kawo ranar masoya da rangwamen kantunan Turai na watan Nuwamba, ta manta da abin da ke juya rayuwar masu karatun. Shekarar mai karanta Hausa tana da nata tsarin. Akwai lokacin da hukumar NiMet ke fitar da hasashen damina, manomi ya fara tunanin iri da taki. Akwai lokacin biyan kuɗin kujerar Hajji. Akwai rajistar JAMB da jarrabawar WAEC da NECO. Akwai kaka, lokacin da farashin hatsi ke sauka a Dawanau da Dandume da Saminaka. Akwai zafin bazara da ke zuwa da sanƙarau, da damina da ke zuwa da zazzaɓin cizon sauro da ambaliya. Akwai hunturu da gobarar kasuwanni.

Sannan akwai azumi da Sallah, waɗanda ke matsowa da kwana 10 ko 11 a kowace shekara. Na'ura za ta iya ba da kwanan wata daga lissafi, amma a Najeriya ba a ɗaukar azumi sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, kuma akan samu shekarun da Najeriya da Nijar ba su tashi da azumi rana ɗaya ba. Kafar da ta saki sanarwar da aka tsara tun mako biyu baya, ta dogara da lissafin na'ura, za ta iya wayar gari tana ba mutane haƙuri.

Haka abin yake a wajen manhajojin da ke nuna kalmomin da mutane suka fi nema a Google. Suna da amfani, amma hoton da suke bayarwa na masu karatun Hausa bai cika ba. Mai neman abu a waya yakan gauraya Hausa da Turanci, ba ya sa ƙugiya a haruffa, wani lokaci ma ba ya nema sam, sai dai ya tura murya a zauren 'yan uwa. Manomin tumatir a Kadawa ba zai rubuta sunan kimiyya na ƙwaron da ya cinye masa gona ba. Shi Sharon ya sani. Idan alƙaluma suka nuna babu masu neman wani batu, ba lallai ne babu masu buƙatarsa ba. Sau tari, abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne wanda alƙaluman ba su gani.

Kafar da ta bi alƙaluma ido rufe, ƙarshenta dai rigimar 'yan fim da mawaƙa, da auren wance da mutuwar auren wane. Ba haramun ba ne a ba da labarin Kannywood. Amma idan kafa hamsin suka tambayi na'ura ɗaya tambaya iri ɗaya, amsa iri ɗaya za su samu, kuma mai karatu ba shi da dalilin fifita ɗaya a kan sauran.

Inda kuskure ke iya cin rai

Akwai fannoni uku da bai kamata rubutun na'ura ya fita ba sai masani ya duba: lafiya, addini da tsaro.

A watan Agustan 2014, lokacin da ake fama da cutar Ebola a Najeriya, saƙo ya karaɗe wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An samu waɗanda suka rasu, da dama kuma suka kwanta a asibiti. Wancan saƙon ba shi da ko tsarin rubutu mai kyau. Yau na'ura za ta iya rubuta shawarar magani da Hausa mai santsi, da adadin ƙwayoyin da za a sha, alhali babu likitan da ya gani.

A fannin addini kuwa, yadda ta ƙagi littattafai ta jingina wa marubutan Amurka, haka za ta iya ƙagar magana ta jingina wa wani malami, ko ta kawo hadisi ta ba shi lambar da ba tasa ba. Mai karatun da ya ga an ambaci littafi da lamba zai ɗauka an yi bincike, ya tura gaba domin neman lada.

A fannin tsaro, sauya sunan ƙauye ɗaya da wani, ko ƙara sifili a adadin waɗanda aka kashe, ko ambaton ƙabilar da ba a tabbatar ba, ya isa ya tayar da gari. Kuma idan 'yan sanda suka zo, ba na'urar za su kama ba. An sha tsare 'yan jarida a Najeriya ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Babu alƙalin da zai karɓi uzurin cewa ChatGPT ce ta rubuta.

Hausar da ke shan wahala

Akwai kuma asarar da ba a ganin ta nan take, ita ce ta harshen kansa. Google ya sanya Hausa a manhajarsa ta fassara tun watan Disamban 2013, kuma an samu ci gaba sosai daga lokacin zuwa yau. Duk da haka, mai karatu na gane rubutun da aka fassara aka watsa ba a gyara ba. Kalmomin na Hausa ne, amma ƙashin jimlar na Turanci ne. Karin maganar Bature ake juyawa kalma da kalma. Mace ta koma "shi" a tsakiyar labari. Ƙugiya ta ɓace, a kasa bambance kasa da ƙasa, ko baki da baƙi, ko daidai da ɗaiɗai.

Abin bai tsaya nan ba. Na'urorin gobe za su koyi Hausa ne daga abin da aka wallafa yau. Idan aka cika intanet da gurguwar Hausar da na'ura ta rubuta, ita za a kwasa a sake koyar da su, su sake amayo ta, yara masu tasowa su ɗauka haka ake rubutu. Ana ƙoƙarin gyara wannan giɓi. Masu bincike na ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP suna tattara rubutu mai inganci, kuma a watan Satumban 2025 gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar da aka gina domin Hausa da Yarabanci da Igbo. Amma duk wannan ƙoƙari yana dogara ne a kan samun Hausar ƙwarai da mutane suka rubuta da hannunsu. Kowane edita da ya zauna ya gyara jimla yana da hannu a wannan aiki, ko bai sani ba.

Ko ta fuskar kuɗi, lissafin bai fita ba

Wani zai ce duk an ji, amma shi abinci yake nema, kuma yawan labarai ne ke kawo masu shiga. Wannan lissafin ya fara tsufa.

A watan Maris na 2024 Google ya fitar da ƙa'idar hukunta masu tara rubutu barkatai domin kawai su hau saman sakamakon bincike, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura. Daga watan Mayun shekarar kuma ya fara sanya amsar da tasa na'urar ta haɗa a saman sakamakon, ta yadda mai tambaya zai samu abin da yake so ba tare da ya shiga ko'ina ba.

Ma'anar wannan a fili take. Duk bayanin da na'ura za ta iya rubutawa cikin daƙiƙa goma, kamar amfanin zogale ko tarihin wani ɗan ƙwallo, mai karatu ma zai iya samun sa kai tsaye a wayarsa. Abin da zai ci gaba da daraja shi ne wanda sai an taka ƙafa ake samo shi: nawa aka sayar da buhun masara a kasuwar jiya, ko likita na zuwa asibitin ƙauyen, ina aka kwana a aikin gadar da aka sa a kasafin kuɗi shekara uku a jere. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wannan ne jarin da ƙaramar kafa ke da shi wanda manyan kamfanonin Amurka ba su da shi.

Aikin da ya dace da ita

To a ina za a sa ta? Wuraren suna da yawa, kuma a nan ne riba take.

Na farko, tace tambayoyin masu karatu. Kafar da ke samun ɗaruruwan saƙonni a mako za ta iya tattara su, ta cire sunaye da lambobin waya, ta ba na'ura ta kasa su gida-gida. Nan za a ga cewa mutum arba'in sun yi tambaya a kan gyaran sunan NIN, talatin a kan farashin taki. Jadawalin da aka gina a kan wannan ya fi wanda na'ura ta ƙago daga iska. Cire sunayen ba ado ba ne: dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma sunan majiyar da aka yi wa alƙawarin sirri bai kamata ya shiga kowace manhaja ba.

Na biyu, karanta dogayen takardu. Kasafin kuɗin jiha kan kai ɗaruruwan shafuka. Manhajoji irin su NotebookLM suna amsa tambaya ne daga takardar da aka ɗora musu, su kuma nuna wurin da suka samo amsar. Ɗan jarida zai iya gano abin da aka ware wa ƙaramar hukumarsa cikin mintuna, sannan ya buɗe shafin ya tabbatar da idonsa kafin ya rubuta.

Na uku, duba tsofaffin rubuce-rubuce. Na'ura za ta iya bin alƙaluman kafar ta nuna waɗanne labarai ake komawa a karanta bayan watanni, waɗanne ne bayanansu suka tsufa, da kuma lokacin da masu karatu suka fi shigowa.

Na huɗu, ayyukan wahala: mayar da doguwar hira rubutu a matakin farko, rage dogon rahoto ya dace da allon waya, kawo kanun labari guda biyar edita ya zaɓi ɗaya ko ya watsar da duka.

A duk waɗannan, mutum ne ke kawo kayan, na'ura ta tsara, mutum ya sake dubawa. Kowane suna da adadi da kwanan wata da maganar da aka jingina wa wani, sai an koma tushe an tabbatar. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kuma idan na'ura ta yi babban kaso na wani aiki, ko hoton da aka sa ita ta ƙirƙira, a faɗa wa mai karatu. Gara ya ji daga bakin kafar da ya gano da kansa.

Sunan da aka gada

A watan Janairun 1939 aka fara buga wata jaridar Hausa a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, amma sunan da aka raɗa mata ya nuna abin da aka fi ba muhimmanci: Gaskiya Ta Fi Kwabo. Wanda ya iya karatu kan karanta wa waɗanda ba su iya ba, masu karatu kuma su aiko da wasiƙu daga garuruwa masu nisa.

Yau kwabon ya koma dalar talla, wasiƙun sun koma saƙonnin murya, amma cinikin bai sauya ba. Mai karatu yana ba da datarsa da lokacinsa, yana tura labari ga mahaifiyarsa da abokansa da sunansa a kai. Ranar da aka kunyata shi sau ɗaya zai yi haƙuri. A karo na biyu zai daina turawa. A na uku ba zai ƙara buɗewa ba, kuma babu manhajar da za ta dawo da shi.

Saboda haka masu kafafen Hausa su koyi wannan fasaha, su koyar da ma'aikatansu, su rubuta ƙa'idar amfani da ita ko da shafi ɗaya ne. Sa'o'in da ta rage musu kuma kada su cike su da ƙarin labaran kwafe. Su kashe su a kasuwa da asibiti da kotu da gona, inda amsar tambayar kowace safiya take jiran mai zuwa ya ɗauka.